Muryar Yaya daga Yanbu

Laraba da dare, unguwar Sultana

Yau kwamitin likitoci ya amince a sa ni cikin masu karɓar tallafin naƙasassu. Na je ina tsoron su ce tunda an dasa mini na'urar ji, ai na warke. Likitar ta sa na cire na'urar, duniya ta yi tsit. Ina kallon bakinta da na ɗana Fahad suna motsi, maganata ake yi ba ni a ciki. Da na mayar, ya ce da Larabci, "Mabruk, Yumma, khalas," wato barka, Mama, an gama.

Bayan isha'i na sa ya kira mini Yaya Hadiza a garin Yanbu. Ita kaɗai ta rage mini da muke doguwar hira da Hausa. Amma a waya muryarta kamar ana buga gwangwani, in kama kalma ɗaya, sauran su wuce. Na ji kunyar cewa ta maimaita. Na yi mata albishir, ita ma ta yi doguwar magana, ina ta cewa, "Madalla, Yaya, alhamdulillahi."

Da aka kashe wayar, Fahad da ke gefe yana jin ta ya matso saitin idona, ya faɗa a hankali da Larabci: mijinta na asibiti, kuka take yi.

Ya tura mata saƙo ya yi bayani, har yanzu shiru. Gobe zan hau motar Yanbu. In ina ganin bakinta zan ji ta.