Zan Faɗa wa Amira da Bakina

Zuwa ga Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki.

Yaya, na fara koyon yaren Holan. Ni Rabi, da ko Larabcin Masar sai da kika sha wuya kafin ya zauna a bakina. Mijinki Sabi'u ne ya ja.

Bayan rasuwarki ya tafi da 'yarki Amira can Holan tana 'yar shekara uku. Yanzu ta zama budurwa, Hausa ta gudu daga bakinta, in mun yi wayar bidiyo shi ke mana tafinta. Rannan maƙwabciyata a unguwar Hayyin Ashir nan Masar, Hajiya Nafisa 'yar Sudan, wadda ta daɗe a Holan, tana ɗakina ana wayar. Da aka kashe sai ta riƙe haɓa, ta faɗa min abin da ta ji. Ashe na ce wa Amira kina sonta kamar ranki, shi kuwa ya ce mata ina tambayar makaranta. Amira ta tambaya me ya sa babu hotonta a hannunki, ya ce ai ko sunanta ba ki taɓa kira ba.

Munafuki! Ya fi kowa sanin kunyar 'yar fari, shi ma uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Na tuna ɗakinmu na unguwar Ainu Shams. Baƙi na sallama sai ki miƙo min ita, ki ce "karɓi waccan." Suna fita ki ƙwace ta, kina shinshina kanta. Ranar da zazzaɓi ya sa ta shiɗe, har asibiti kika kai ta ba takalmi a ƙafarki.

Yaren nan da wuya, Yaya. Akwai harafin da ake kakaro shi daga maƙogwaro kamar ƙayar kifi ta maƙale. Kowane suna da ɗan rakiyarsa, ko "de" ko "het", kullum sai na haɗa su da wanda ba nasu ba. A cikin mikrobas ɗin haya nake bita, Misirawa na kallona. Kalmar farko da na riƙe "moeder", wato uwa. Ta biyu na ce Hajiya ta ba ni "maƙaryaci". Ta ce ba mu kai nan ba, na ce yalla, maza mu kai.

Kullum kina ce min a bar wa Allah. Ma'alish, ki yi haƙuri Yaya, wannan karon ba zan iya ba. Kuma ba a ɓoye zan yi ba. Sai wayar Sallah, Sabi'u na zaune gefenta ya gyara murya zai fassara, in buɗe baki in faɗa mata wace ce ke.

Ina kewarki, 'yar uwata. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa Amira ta yi miki addu'a da zuciya ɗaya. Shi kuwa Sabi'u, Allah ya ja da ransa, ya ƙara masa lafiyar kunne har zuwa ranar.

Taki har kullum,
Rabi