Ba Zan Kashe Sa'ade Ba

Zuwa ga Malam Shugaban Kwamitin Tantance Labarai na ƙungiyarmu ta marubuta, Dutsin-Ma.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda a bainar jama'a kuka yanke wa labarina hukunci, ranar da kuka zauna zaɓen labaran kundin bana. Kun ce ba zai shiga ba sai na gyara abu uku.

Ni 'yar Barkiya ce. Shekarar da aka kore shanun mahaifinmu, wata mai sayar da atamfa a kasuwar Kurfi ta ce ta samo mini aikin wanke-wanke a ƙasar waje. Ta bi da mu ta Maraɗi, ta damƙa mu ga wasu maza a Agadas, aka loda mu a bayan mota muka ratsa sahara. A can aka riƙa miƙa ni daga gida zuwa gida, ana kulle ni, ana dukana, ana yi mini abin da ba zan faɗa a nan ba. Da sauran shan ruwana, Allah ya dawo da ni. Sa'ade ta cikin labarin ƙagaggiya ce, amma na san kowace hanyar da ta taka.

Na farko, kun ce in daina kiran mai safarar da Hajiya, in mayar da ita baƙuwa mai wani yare, don kada a ɓata sunan gari. Malam, wadda ta ɗauke ni Hausa take ji kamar ni da kai. A tabarmar mahaifiyata ta zauna, ta sha fura, ta yi mana addu'a kafin ta tashi. In na ba ta wani yare, yarinyar da za ta karanta za ta riƙa tsoron baƙo, ta bi wadda ta saba gani a gidan biki.

Na biyu, kun ce rabin labarin na ƙarshe ba shi da armashi, in yanke shi, wai daga noma sai zaman shiru. To, haka warkewa take. Da na dawo, ko ƙarar makulli na ji sai in nemi wurin ɓuya. Gwaggona ta Makera ce ta ɗauke ni. Ba ta taɓa tambayata abin da ya faru ba. Ta sa aka cire ƙyauren ɗakin da nake kwana, ta rataya labule. Da rani ta tafi da ni gonar tumatir ɗinta a bakin dam ɗin Zobe, ta miƙa mini fartanya. A can na fara cin abinci in ƙoshi, a can na fara dariya. Ɗaya daga cikinku ya nemi in ƙara bayanin wulaƙancin da aka yi wa Sa'ade a ɗakin da aka kulle ta, wai shi masu karatu ke so. Har wasu suka yi murmushi. Na ga fuskokinsu, kuma ban manta ba.

Na uku, kuma shi ya fi yi mini ciwo: kun ce Sa'ade ta mutu a ƙarshe, ko ta haukace, don ya zama darasi ga masu kwaɗayi. Kwaɗayin me? Yarinyar da ta fita neman abin da za ta ciyar da ƙannenta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, ita ce za a hukunta? Ita kuwa mai safarar ba wanda ya ce a taɓa ta.

Ina karanta wa mata labarin a shagon ɗinkina. Akwai wata da ta dawo daga irin wannan tafiya, ba ta magana da kowa, sai ta zauna a bakin ƙofa. Da muka kai tsakiyar labarin, ta jira kowa ya watse, ta kama hannuna ta tambaye ni ko Sa'ade za ta rayu. Na ce mata za ta rayu. Washegari ta shigo ciki ta zauna. Yanzu tana koyon yankan yadi. Malam, kai za ka zo ka gaya mata an canza?

Don haka ina roƙon kwamiti ya buga labarin yadda yake, ko ya dawo mini da abina ba tare da an taɓa harafi ba. Ina kuma roƙo, duk ranar da za ku sake zama kan irin wannan labari, ku zaunar da mace ko da guda ce a cikinku. In kun ƙi, ba komai. Zan karanta shi a murya in tura ta waya, daga Kurfi har Makera, kuma da sunana zan yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare maka 'ya'yanka mata daga hannun mayaudara, ya dawo da namu da ke can har yanzu.

Wassalam.

Hauwa'u mai ɗinki,
Dutsin-Ma.