Kafin Su Karɓe Makullin Tudu

Park Hill, Staten Island
4 ga Maris, 2024

Zuwa ga Yaya Hussaina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da jikoki. Ya ƙafar taki, ta saki? Mu nan lafiya lau, sai godiya. Matata Muniratu tana gaishe ki.

Na koma takarda ne don na gaji da kashe min waya da kike yi duk sanda na ambaci Hassan. Takarda kya iya yagawa, amma na san halinki, sai kin karanta tukuna.

Kin san inda nake aiki, tsohon jujin birnin nan da aka rufe, aka lulluɓe da ƙasa ya zama tuddai, har ciyawa ta tsiro. Sharar da ke ƙarƙashi tana ruɓewa tana fitar da iskar gas, mu kuma muna bin rijiyoyin da aka haƙa muna aunawa, muna gyara bututu, kada ta taru ta kama da wuta. Kin kuma san abin da ya kai ni can. Benen da Hassan ya shiga kai abinci ranar da jirage suka buge shi, wannan jujin aka kawo baraguzan ginin aka tankaɗe ana neman gawarwaki. Ko ƙashi ɗaya ba a ba mu ba. Abin da ya rage yana tudun yamma, ni kuwa zuciyata ta tsaya a kan yana ciki. Duk Juma'a nakan hau in yi masa sallama.

To, kwangilar kamfaninmu ta zo ƙarshe, hukuma tana neman sababbin 'yan kwangila. Jiya aka zagaya da masu nema, kowa takalmi fes. Ɗaya ya tsaya daidai inda nake tsayawa yana cin biredi, yana ƙyaƙyata dariya a waya. Wallahi sai da na ciji leɓe. Bai sani ba, ba laifinsa ba ne, amma raina ya ɓaci. In wanda ya ci kwangilar bai ɗauke ni ba, shi ke nan, don ba mai hawa tudun sai ma'aikaci.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Gambo

Park Hill
19 ga Yuni, 2024

Yaya Hussaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata an yi Sallah lafiya. Allah ya maimaita mana.

Abin da nake tsoro ya faru. Kamfanin da ya ci zai ɗora wa kowace rijiya na'urar da ke aika awo kai tsaye zuwa kwamfuta. Masu yawo a ƙafa kaɗan suke so, kuma likitansu ya saurari ƙirjina ya ce ban da ni. Sun ba ni kujera a ofishinsu na New Jersey. Muniratu har da guɗa, wai tarina zai huta. Na roƙi a bar ni in riƙa shiga ko da Juma'a kawai, suka ce dokar wurin gas ba ta san ziyara ba. Ƙarshen Satumba zan miƙa makulli.

Yanzu ga maganar da kike gudu. Yaya, har yau ba a yi wa Hassan sallah ba. Kin ce tare kuka kwanta a ciki ɗaya, da ya mutu da jikinki ya gaya miki. Inna ta goyi bayanki har ta koma ga Allah, ni ma na yi shiru don ke ce babba. Kin hana a yi miki gaisuwa, kin kori mata daga tsakar gida. Ban taɓa ganin laifinki ba. Amma haba, Yaya! Shekara ashirin da uku Musulmi yana kwance ba sallah? Na tambayi limaminmu na Harlem, ya ce ƙasar da aka lulluɓe jujin da ita mai tsarki ce, a tsaya a kai a yi.

Izininki nake nema kafin su karɓe makullin. Ko kalma ɗaya ce ki aiko.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Gambo

Park Hill
29 ga Satumba, 2024

Yaya Hussaina,

Ina gaishe ki gaisuwar girma, ina fata kowa lafiya. Ɗanki Umar Farouk ya tabbatar min takardata ta shiga hannunki, kin karanta kin sa ƙarƙashin matashi. Na jira amsa har na gaji da duba akwatin wasiƙa.

Shekaranjiya Juma'a ce ranata ta ƙarshe. Na gaya wa Sumani, abokin aikina ɗan Zangon Kumasi, abin da ban taɓa gaya wa kowa a wurin ba. Ya yi min faɗa sosai, wai shekara da shekaru muna cin abinci tare ina ɓoye masa gawa. Ya kira wasu Musulmi biyu daga masu yankan ciyawa. Liman ba shi da izinin shiga, don haka ni na wuce gaba. Muka tsaya da hulunan kwano da takalman aiki, iska tana kaɗa mu, muka yi kabbara huɗu. A ta uku sai da Sumani ya ɗaga murya ya taya ni. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da abin ya faru. Da yamma na miƙa makulli.

Na yi ba da izininki ba. In kin yi fushi, kina da gaskiya, ki yafe min. Amma akwai abin da ya rage a wuyana, kuma ba wanda ya isa ya fara faɗa miki sai ni da na bi bayanku.

Hassan ya rasu, Yaya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya haƙuri?

Ƙaninki,
Gambo