Inna, Mun Kawo Kyanwa Gidanki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, da roƙon Allah ya sa kina kwance cikin haske da ni'ima, ina sanar da ke cewa mutanen gidanki na Ƙofar Wambai duk muna nan lafiya. Na san wasiƙar nan ba za ta iso inda kike ba, masu bibiyar shafina ne za su karanta ta. Su karanta, ba laifi. Amma da ke nake magana, don labarin nan naki ne kafin ya zama na kowa.

Inna, sai dai ki yi haƙuri, mun kawo kyanwa gidanki.

Na san fuskar da za ki yi. "Duk abin da zai leƙa mini tukunya ba zai kwana a gidana ba," haka kike cewa, tsintsiya a hannu, idan kyanwar maƙwabta ta yi gangancin dirowa ta katanga. To, bayan tafiyarki ɓeraye sun mayar da ɗakin ajiyarki nasu. Ana cikin haka Goggo Asabe ta Inkil ta aiko cewa tana da 'yar kyanwa da kare ya kashe uwarta tun idonta bai gama buɗewa ba, da madara a murfin kwalba ta raine ta. Na hau keke na je na ɗauko ta a kwali. Baƙa ce mai farin ƙirji, kunnuwanta sun yi wa kanta yawa.

Ɓeraye hujja ce kawai da na ba mutane. Gaskiyar magana, Baba ne. Tun da aka share makokinki ya zama daga masallaci sai ɗaki. Ya daina fita majalisa, ya daina kunna rediyo, abinci yadda na kai haka nake ɗauko rabinsa. Ina buɗe kwalin a tsakar gida, 'yar abar nan ta wuce ni, ta wuce kwanon madara, ta nufi Baba da ke zaune a ƙofar ɗakinsa, ta shige ƙarƙashin rigarsa. Ya ɗaga hannun rigar ya leƙa, ya tambaya daga ina baƙuwar take. Na ce daga Inkil. Ya ce, "To, 'Yar Inkil, sannu da hanya." Sunan da ya bi ta ke nan.

Sai dai baƙuwar ba ta zo da ladabi ba. Takan laɓe ƙarƙashin kujera, kina wucewa ta cafke miki dunduniya. Ta yakushe ni, ta yakushi mai kawo mana ruwa, ta mayar da bakin hijabina lilo. Shawara kuwa na sha ta har na ƙoshi. Wannan ta ce in riƙa ɗalle mata hanci, waccan ta ce in shafa barkono a hannuna ta ɗanɗana sau ɗaya ta tuba. Wata maƙwabciya ma ba ta tsaya shawara ba, takalmi ta jefa mata. Ranar kyanwar ta wuni a bayan randa, da ta fito kuma ta fi da faɗa. Tun daga nan na kafa doka, ba mai sake dukanta a gidan nan.

Yanzu ga wurin da ya shafe ki. Kin tuna koren carbinki da kika zo da shi daga Makka, mai doguwar jela? Shi Baba yake ja tun rasuwarki. Bayan la'asar yakan shimfiɗa darduma a inuwar tsakar gida, kafin ya fara lazimi sai ya ɗan ja jelar carbin a ƙasa, kyanwar ta bi ta da gudu tana tuntsurawa, shi kuma yana murmushi. Ni da na daɗe ban ga haƙoransa ba, daɗi ya hana ni ganin komai. Ita kuwa ina ta san bambancin wasa da zikiri? Jela tana lilo, yatsu suna motsi, a wurinta duk farauta ce.

Wata la'asar ya yi nisa cikin tasbihi, idonsa a lumshe, sai ta lallaɓo ta daka tsalle. Ta rungume hannunsa, ta kafa haƙora a gindin babban yatsa, tana harbi da ƙafafun baya. Baba ya fizge hannu da ƙarfi. Fata ta yage, zaren carbin ya tsinke, 'ya'yansa suka watsu a tsakar gida har cikin makwarara.

Kin fi kowa sanin abin da rauni yake nufi ga mai ciwon suga, ke da kika yi jinyar ƙafarsa lokacin da ƙaya kawai ta soke shi. Ban tsaya kuka ba. Na wanke wurin da sabulu, ina kwarara masa ruwa buta bayan buta, sannan na ruga wurin Madam Ngozi mai kemis ta bakin layi. Tana nan yadda kika bar ta, da gilashinta a kan hanci. Ko auduga ba ta yarda ta ba ni ba. Ta ce, "Hauwa, kar ka tsaya nan. Baba yana da suga, cizon kyanwa ba wasa ba. Kai shi asibiti yau, ba gobe ba." Muka tafi. Suka wanke, suka yi masa allura, suka ba shi magani, suka ce in wurin ya kumbura ko ya yi ja mu koma ba tare da jira ba.

Bayan magariba sai ga ɗanki na fari, wanda har kika bar duniya ba ki taɓa kiran sunansa na yanka ba, Yaya Babangida. Yana ganin bandeji ya hau dokin zuciya. Ya ce zai sa ta a buhu ya kai ta gonar abokinsa a Zungur, can ta je ta ciji gafiyoyi. "Uba ɗaya ya rage mana, Hauwa. Ba zan zuba ido kyanwa ta sa a yanke masa hannu ba." Ban ga laifinsa ba, tsoron da ke cikinsa shi ne a cikina. Amma ina kallon Baba. Ya naɗe dardumarsa ya shige ɗaki ya saki labule. Wannan shigar ta fi cizon ba ni tsoro, don na san inda ta nufa.

Na tare Yaya a zaure na ce ya ba ni zuwa lokacin da hannun zai warke. Idan ta sake fitar wa Baba da jini, ni da kaina zan riƙe masa bakin buhun. Ya ce taurin kai zai kashe ni. Na ce ai ya san inda na gado shi.

Washegari na kai ta wurin likitan dabbobi. Ya yi mata allurar rigakafi, ya rage mata tsinin farata, ya nuna mini yadda zan riƙa yi ba tare da na kai ga nama ba. Ya ce ba mugunta ba ce. Kyanwar da ta tashi cikin 'yan'uwanta, idan ta ciji ɗaya da zafi zai yi ƙara ya daina wasa da ita, uwar ma ta make ta, a haka take koyon sassauta haƙori. Wannan kuwa ba ta samu mai gaya mata ba. Ina jin haka sai na ji tausayinta ya kama ni. Marainiya ce, Inna, ta faɗo gidan marayu.

Na dawo na ɗaura ɗamara. Dokar farko, hannu ba abin wasa ba ne, ƙafa ma haka. Na samo dogon karan dawa, na ɗaura masa gashin kaza da zare. Da safe kafin in tafi makarantar da nake koyarwa, da kuma gab da la'asar, sai in yi ta jan karan nan tana bi, tana tsalle, har ta gaji ta zube tana haki. Sannan in ba ta abinci. Kafin Baba ya shimfiɗa darduma ta yi nisa a barci. Idan ta kama hannuna ba na fizgewa, don fizgewar ce ke sa ta ƙara damƙa. Sai in sake hannun ya mutu, tana saki in tashi in bar mata wurin. Ba abin da ta tsana irin a ƙyale ta.

Farata kuwa, tsohon turminki da ya tsage ne ya fisshe mu. Na kwantar da shi a gindin katanga, yanzu a jikinsa take wasa su, labule da hijabina sun huta. Na kuma koyi karanta ta. Idan ana shafa ta, jelarta ta fara dukan ƙasa, ko kunnuwa suka kwanta baya, to ta ce ya isa. Cikinta kuwa ko ta baje shi a rana ba gayyata ba ce.

Amma wallahi horar da kyanwa ya fi horar da mijinki sauƙi. Sau nawa ina kama shi yana motsa yatsun ƙafa a ƙarƙashin riga yana satar kallona? In na yi magana ya ce ƙaiƙayi ne. Sai da na tsaya a kansa, hannu a ƙugu, na ce ya zaɓa, ko kara ko Zungur. Ya karɓi karan. Limamin layinmu ya shigo gaishe shi ya tarar da dattijo yana jan gashin kaza a tsakar gida, har yanzu ana ba da labarin a majalisa, kuma Baba da kansa yake fita ya kare kansa.

Carbinki ma na tsince shi tsaf, ban bar ko ɗaya a ƙasa ba. Baba ya zauna ya shirya shi a sabon zare da hannunsa mai ciwo, bai yarda na taya shi ba. Jelar ce kawai bai mayar ba. Yanzu a cikin aljihun rigarsa yake ja, ba abin da ke lilo.

Ba zan ce miki ta zama waliyyiya ba. Ta sake karce ni a gwiwar hannu ranar da na ɗauke ta tana tsakiyar kallon ƙadangare, kuma ni na jawo. Amma Baba ko ƙwarzane bai sake samu ba, hannunsa kuma ya warke sumul.

Duk da haka ranar Asabar da hantsi sai ga Yaya da buhunsa a hammata. Ya ce warkewar hannu ba ita ce warkewar hali ba. Ya tarar da Baba a kan darduma, 'Yar Inkil ta yi rigingine a gefen gwiwarsa tana shan rana. Ya tsuguna, wai bari ya gwada wannan tarbiyyar da ake ta yi masa baki a kanta, ya kai hannu cikinta yana cakuɗawa. Baba ya ce, "Babangida, dubi jelarta. Janye hannunka." Kin san ɗanki, bai janye ba. Ta kuwa rungume hannun ta ɗora haƙora. Sai ta saki, ta miƙe, ta zaga bayan Baba ta zauna tana lasar ƙafa.

Yaya ya zabura yana cewa mun gani ko. Baba ya kamo hannun ya juya shi gaba da baya a cikin rana. Ko ɗigon jini babu, sai ɗan shatin haƙori da ya ɓace muna kallo. Ya ce, "Ta gaya maka, na gaya maka, ba ka ji ba." Bai saki hannun ba. Sannan ya ce, "Duk tsawon zamanmu uwarku ce kaɗai ke taka mini birki in na wuce iyaka. Tun da ta tafi kowa lallaɓa ni yake kamar ƙwai. Ku bar mini wannan."

Inna, tun ranar da aka fita da ke, ranar ce ya fara ambatonki da bakinsa a gabanmu. Na juya na shiga madafa kamar zan duba wuta, na sha kukana. Da na fito na tarar Yaya ya shimfiɗa buhun a ƙasa ya zauna a kai, kansa a sunkuye, Baba yana ba shi labarin ranar da kika ɓoye masa makullin babur don ya ƙi shan magani. Suna dariya, idanunsu duka sun yi ja. Har azahar ta yi Yaya bai tashi ba.

Ina kewarki, Inna, kewar da ba ta raguwa. Amma ki kwantar da hankalinki, gidanki yana tsaye, mijinki yana cin abinci, yana fita, yana musu da mutane. Ina riƙe da shi yadda kika riƙe shi, kuma ba zan sassauta ba.

Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki. Allah ya saka miki da Aljannar Firdausi a kan wahalar da kika sha da mu, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya kyautata namu ƙarshen, ya haɗa fuskokinmu a inda ba a rabuwa. Amin.

Wassalam. Ni ce autarki,
Hauwa'u