Fentinka a Kan Jirgin, Baba

Assalamu alaikum Baba. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ka koya mana, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji.

'Yarka Rakiya ce. An zauna rabon gadonka, kuma ka san ƙa'ida, malam ya ce sai an yi wa kowane abu kuɗi, har tabarma. Da aka zo kan ɗan jirgin ƙasanka na wasa, wannan kan jirgin na ƙarfe da ke bisa kabad, sai aka rasa kuɗin da za a yi masa. Yaya Sani ya ce ya ji Turawa na sayen irinsa da tsada. Gabana ya faɗi, don ni ba na son komai a gidan nan sai shi, kuma in ya yi tsada ba zai shiga rabona ba.

Ka tuna yadda kake wana shi da ɗan makullinsa, ka sake shi a tsakar gida yana ƙyar-ƙyar, kaji na watsewa? Kullum maganarka ɗaya: "Ni da kamiyo, babbar motata, muna jiran kaya a garin Paraku, can layin dogo ya ƙare. Wata rana zai iso Yamai, ku za ku hau." Inna takan ce, "To, direba, a bar mu mu yi shara."

Na kai shi kasuwar Katako, nan Yamai, wurin wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya. Ya juya shi, ya duba hatimin da ke ƙasansa, ya gwada makullin, ya ce na asali ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya tambayi kwalinsa. Kunya ta hana ni gaya masa cewa a ciki Inna ta yi renon 'yan tsaki.

Daga nan ya kankare gefensa da farce, baƙin fentin asali ya leƙo. Ya dafe kai. Wai wanda ya shafa masa fenti ruwan lemo da fari da tsanwa irin na tutarmu, har ya rubuta YAMAI a jikinsa, ya kashe shi. Da an bar shi yadda ya zo, kuɗinsa zai sayi babur. Yanzu kuwa 'yan jikkuna ne.

Baba, ni na riƙe maka gwangwanin fentin ranar nan, kana ciza leɓe kana zana harafin Y. A gabana aka kushe aikin hannunka, ni kuwa zuciyata fari ƙal. Na fito ina murna, ban kai bakin titi ba na fashe da kuka.

Kafin in fito, dattijon ya tambaye ni inda ka samo shi, na ce ban sani ba. Shekaru ina share masa ƙura, ban taɓa tambayarka ba, ina ganin akwai lokaci. Inna ma ta ce da shi ta same ka. Wannan ne ke cin raina.

Yaya Sani ya ji farashin ya yi tsaki, ya ce in ɗauka. Da ka bar shi baƙi, da yanzu yana hanyar wata ƙasa. Kai ka rubuta masa inda za shi, kuma nan ya tsaya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada mu a inda ba sauran jira.

Taka har kullum,
Rakiya