Tayar Gaban da Na Kwance Na Bayar

Zuwa ga Manajan ƙungiyarmu ta tseren keke,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Sau uku ina zuwa ofishinka, sakatariya tana cewa kana taro. Shi ya sa na rubuto a bainar jama'a, kuma da Hausa, don mutanenmu na Tremont su ji, tunda har a ƙofar masallaci ana raɗe-raɗin wai ragwanci ya sa aka sallame ni. Kai ba za ka rasa mai fassara maka ba.

1. Shekara shida ke nan ina ƙungiyar nan, kuma ba don in ci tsere aka ɗauke ni ba. Aikina in shiga gaba in tare wa jagoranmu iska, wato ɗan tseren da ƙungiya ke so ya ci, in koma motar ƙungiya in cuso gorunan ruwa a riga in kai masa. Kai ka ɗora mini wannan aiki, ban taɓa yin musu ba.

2. A tseren ƙarshe na bana, saura kilomita goma sha biyu, ni da jagora muna cikin mutum biyar na gaba. Ƙafafuna ranar kamar sababbi, ban taɓa kusantar nasara haka ba. Sai tayarsa ta gaba ta yi faci, motarmu kuwa tana can baya. Muryarka ce ta shigo rediyon kunnena, ka ce in tsaya. Na tsaya, na kwance tayata na ɗaura masa, na tura shi. Ya je ya ci. Ni kuwa ina bakin titi riƙe da keke mai taya ɗaya, kowa yana wuce ni. Wallahi sai da na yi kuka.

3. Yanzu takardarka ta ce ba za a sabunta kwantiragina ba saboda ba ni da maki. Haba, ranka ya daɗe! Yaushe aka fara ba mai ɗaukar ruwa maki? Ka fi kowa sanin bizata a kan kwantiragin nan take, kuma ƙarshen wata za ta ƙare. Matata cikinta wata bakwai, kullum sai ta tambaye ni ko ka kira. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Ba roƙon a mayar da ni nake yi ba. Wata ƙungiya tana so ta ɗauke ni, amma ta ga sunana a can ƙarshen jerin sakamakon tseren, tana jiran shaida daga gare ka kafin Juma'a. Layi uku sun isa: ka rubuta cewa kai ka ce in tsaya.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ci gaba da ba ƙungiya nasara. Na hango kofin tseren a kan teburinka ta ƙofar da aka hana ni shiga. In ka kalle shi, ka tuna tayar da ta fara taɓa layin kammala tsere ran nan tawa ce.

Wassalam.

Habu Sale,
Tremont, Bronx