Ƙanzon Ranar Asabar

Litinin, 3 ga Maris

Likita ya ce mai ɗakina ba ta da wata cuta, abinci ne kawai ba ta ci. Na nemi sunan maganin, ya ce sunansa abinci. Tun rasuwar ɗanmu Auta ba ta wuce shayi da gefen burodi, har zobenta ya fara zamewa daga yatsa.

Na yanke shawarar dafa mata abin da marigayin yake dafa mana kowace Asabar: shinkafar nan da ake soya ƙwayarta da albasa kafin a zuba romo, da tattasai da ake cusa wa karas, kabeji da koren wake. Mutum irina da ya ƙare rayuwar aikinsa yana koyar da ilimin sinadarai a jami'a, ba za a ce shinkafa ta gagare shi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na sayo sikeli da agogon kicin mai ƙararrawa. Mai tattasai ya ga ina gwada faɗin kowanne da rula, ya ce, "Baba, hula za ka ɗinka musu ne?" Na ci gaba da awona.

Asabar, 8 ga Maris

Gwaji na farko. Shinkafar ta caɓe har ta kai matsayin da za a iya liƙa takarda a bango da ita. Tattasan kuwa suka kife cikin tukunya, suka amayar da duk abin da na ɗura musu. Mai ɗakina ta leƙo daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, gini kake yi?"

Na ɗauki wannan a matsayin ci gaba. An daɗe ban ji wata magana daga bakinta ba in ba "na ƙoshi" ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Kajin maƙwabta ma sai da suka yi shawara a tsakaninsu kafin su ci.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kira babbar 'yata a waya. Ta ce, "Baba, sau nawa kake buɗe murfin?" Na ce gwargwadon abin da sa ido ya buƙata. Ta ce, "Ka ƙyale ta ta turara mana, ai ba jarrabawa take rubutawa ba." Ta so ta sako zancen ƙanenta, na ce layin ba shi da kyau.

Asabar, 15 ga Maris

Nasara. Shinkafa ta yi wara-wara, tattasai sun tsaya ƙyam, gindin tukunya fes. Mai ɗakina ta ɗebi cokali ɗaya ta ajiye. "Ta yi daɗi, Malam. Sannu da aiki." Ta koma ɗaki.

Na sake bin lissafin daga farko, ban ga kuskure ba.

Talata, 18 ga Maris

Zoben ya faɗi a wajen wanke hannu. Ta ɗauka ta ajiye a kan taga.

Asabar, 22 ga Maris

Na rufe tukunya, na rage wuta, na tsaya a kanta hannuwa a baya. Sai na ji muryarta: "Auta dai ba ya tsaya wa tukunya kamar ɗan sanda."

Na ce shi ya sa marigayin bai taɓa dafa ta ba tare da ta kama ba.

"To wa ke sa ta kamawa? Yana rufewa sai ya biyo ka falo ku hau gardama. Kun shekara a kan gishiri kaɗai."

Wannan gaskiya ne. Yaron ya dage cewa gishiri yana sa ruwa saurin tafasa, alhali akasin haka ne. Na bi ta falo domin in fayyace mata. Ga mamakina sai ta ɗauki ɓangarensa, har da ɗaga yatsa irin nasa: "Baba, littafinka ya tsufa!" Na kawo hujja, ta kawo ba'a. Na nemi biro da takarda. Ƙararrawar kicin ta yi ta kaɗawa. Na ji ta, amma ina tsakiyar bayani.

Sai ƙauri.

Ta riga ni isa. Ta juye shinkafar a faranti ta tura mini, ita kuma ta zauna a kan 'yar kujera da tukunyar a cinya, tana kankare ƙanzon da cokali. Ta ce, "Wannan kullum rabona ne, ni yake ajiye wa. Kai da kake cin sama ina za ka sani?"

Ta cinye shi tas, ta ɗora da tattasai, ta ce gishirinsa bai ji ba. Na tsaya ina duban taga na wani lokaci. Akwai ƙura a jikin gilashin da ya kamata a goge.

Lahadi, 23 ga Maris

Na cire batirin agogon kicin. Ƙararsa ce ta yi yawa, ba wani abu ba. Da safe ta tambaya ko akwai sauran shinkafar jiya.

A batun gishiri har gobe ni ke da gaskiya, kuma Auta ya sani.